Maganin kyankyaso da kunama: Me ke cikin kwalbar homiyofati?

Tun bayan da farashin magungunan asibiti ya yi tashin gwauron zabi a Najeriya daga tsakiyar shekarar 2023, masu ƙaramin ƙarfi ke ta faɗi-tashin neman abin da zai maye musu gurbin ƙwayoyin da suka fi ƙarfin aljihunsu.

Daga cikin abubuwan da ake tallatawa a intanet da wasu shagunan magani a manyan biranen ƙasar, akwai wasu ƙananan kwalabe da ake shigowa da su galibi daga Indiya da Jamus, ɗauke da fararen ƙwayoyi masu zaƙi ko wani ruwa da ake ɗigawa a harshe.

Sunayen da ke jikin kwalaben da harshen Latin ake rubuta su, don haka mai saye ba kasafai yake sanin ma'anarsu ba. Blatta orientalis na nufin kyankyaso. Cimex kuɗin cizo ne. Formica rufa wata jar tururuwa ce, Apis kuma ƙudan zuma.

Waɗannan su ne magungunan tsarin da ake kira homiyofati, wanda ya haura shekaru 200 a duniya, kuma har gobe ake tafka muhawara a kansa tsakanin masu yin sa da masana kimiyya.

Tambayoyin da suka shafi mai saye guda uku ne: shin akwai ƙwaron a cikin kwalbar? Shin yana warkarwa? Kuma wane ne ke sa ido a kan masu sayarwa?

Rigasa da tsadar magani

Unguwar Rigasa da ke ƙaramar hukumar Igabi, a yammacin birnin Kaduna, na daga cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a jihar. Tun da aka buɗe tashar jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna a can cikin watan Yulin 2016 unguwar ke ƙara bunƙasa, ga kuma mutanen da matsalar tsaro ta koro daga ƙauyuka.

Akwai babban asibitin gwamnati a unguwar da ƙananan cibiyoyin lafiya, to amma yawan jama'a ya sa da dama ke dogaro da kemis na bakin layi, da shagunan magungunan Musulunci, da masu tallar magani da lasifika a kasuwa da tashar mota.

Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya sun ƙara dagula al'amura, ganin cewa akasarin magunguna ko sinadaran haɗa su daga waje ake shigowa da su.

A watan Agustan shekarar ne kamfanin GSK na Birtaniya ya sanar da daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Najeriya, lamarin da ya sa farashin Ventolin, abin shaƙar da masu cutar asma suka fi sani, ya ninka sau da yawa cikin 'yan watanni.

A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa, magidancin da ɗansa ke fama da sarƙewar numfashi duk lokacin hunturu zai saurari duk wanda ya ce yana da magani mai araha. Masu iya magana sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Akwai kuma tsohon tabo. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu, da kuma taƙaddamar allurar shan-inna ta 2003, sun bar zargi a zukatan mutanen arewa game da magungunan Turawa. Duk abin da aka ce daga halittun Allah aka haɗa shi, babu sinadari, yakan samu karɓuwa cikin sauƙi.

Daga ina tsarin ya samo asali?

Wani likita Bajamushe mai suna Samuel Hahnemann ne ya assasa homiyofati. A shekarar 1790 ya sha ɓawon itacen da ake samun maganin kwinin daga gare shi, ya kuma ce ya ji alamomi irin na mai zazzaɓin cizon sauro alhali yana da ƙoshin lafiya.

Daga nan ya yanke hukuncin cewa duk abin da ke jawo wa mai lafiya wasu alamomi, shi ne zai warkar da maras lafiyar da ke da irin waɗannan alamomin. Ya wallafa wannan ra'ayi a 1796, sannan ya faɗaɗa shi a littafinsa mai suna Organon a 1810.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A ƙauyuka da dama, idan kunama ta harbi mutum akan nemo ta a murƙushe a shafa a wurin harbin, bisa imanin cewa makarin dafin na jikinta.

Abin da Hahnemann ya ƙara shi ne ƙa'ida ta biyu: tunda yawancin abubuwan da yake amfani da su guba ne, sai ya riƙa tsarma su da ruwa ko barasa yana jijjigawa da ƙarfi. Ya kuma yi iƙirarin cewa gwargwadon yadda aka tsarma abu aka jijjiga, gwargwadon ƙaruwar ƙarfinsa.

Tsarin ya yi farin jini a ƙarni na 19, kuma akwai dalili. Likitocin Turai na wancan zamani suna zubar wa maras lafiya jini da yawa, suna ɗura masa zaiba da magungunan amai da na gudawa masu tsanani.

Lokacin annobar kwalara ta birnin Landan a 1854, asibitin homiyofati ya samu ƙarancin mace-mace idan aka kwatanta da sauran asibitoci. Masana tarihin likitanci na ganin cewa a wancan yanayi, ba mutum ruwa a ƙyale shi ya huta ya fi masa alheri a kan abin da ake yi masa a sauran wuraren.

A yau Indiya ce cibiyar homiyofati mafi girma a duniya, inda take da kwalejoji da dama, kuma tun 2014 gwamnatin ƙasar ta kafa ma'aikata sukutum mai suna AYUSH domin kula da shi da sauran hanyoyin magani na gargajiya.

A Najeriya tsarin ya fara shigowa ne tun shekarun 1960 ta kudancin ƙasar, kuma an kafa wata kwalejin koyar da shi a Enugu a 1972. Bai yi ƙarfi a arewa ba, amma zirga-zirgar neman magani zuwa Indiya da cinikin intanet sun kusanto da shi.

Ƙwarin da ke cikin jerin

Littattafan homiyofati na ɗauke da dubban abubuwan da ake haɗa magani da su, daga tsirrai da ma'adinai zuwa dabbobi. Ƙwari da sauran ƙananan halittu masu rarrafe na da babban gurbi a ciki.

Wanda ya fi shahara shi ne Apis mellifica, da ake yi da ƙudan zuma sukutum ɗinsa. Tunda harbin zuma na kawo kumburi da ja da raɗaɗi, sai ake bayar da shi ga mai kumburi ko borin jini. Ya shiga jerin magungunan ne a Amurka a tsakiyar ƙarni na 19.

Blatta orientalis, wato kyankyaso, ana bayar da shi ga masu asma. Labarin da littattafan nasu ke bayarwa shi ne wani likita a birnin Kalkata na Indiya ya ruwaito a wajajen 1890 cewa wani mai asma ya samu sauƙi bayan ya sha shayin da kyankyaso ya faɗa ciki aka dafa tare da shi.

Cantharis ana samun sa ne daga wani koren ƙwaro na kudancin Turai, dangin hangarar da manoman gero suka sani, wadda ruwan jikinta ke tayar da bororo a fata. Saboda haka ake bayar da shi ga mai ƙuna ko mai jin zafi wajen fitsari.

Ana bayar da jar tururuwa ga masu ciwon gaɓɓai, kuɗin cizo ga mai zazzaɓin da ke zuwa yana komawa, sannan akwai na ƙuma, da na ƙwarƙwata, da na sauro, da na shanshani, da na kunama, da na gizo-gizo iri daban-daban.

Yadda suke tantance aikin kowane magani shi ne su bai wa wasu masu lafiya su sha, kowa ya riƙa rubuta duk abin da ya ji a jikinsa da zuciyarsa har da mafarkansa na tsawon kwanaki. Waɗannan bayanai ake tattarawa su zama siffar maganin.

Shi ya sa za a ga an rubuta cewa maganin gizo-gizo ya dace da mutum maras natsuwa mai son kiɗa da rawa, na ƙudan zuma kuma ya dace da mai kishi da yawan kai-kawo. Masu suka na cewa an ɗauki ɗabi'ar da mutane ke jingina wa ƙwaron ne kawai aka yafa wa maras lafiya.

Lissafin tsarmawa

Duk wanda ya duba kwalbar zai ga lamba da harafi bayan sunan maganin, kamar 6C ko 30C ko 200C. A nan ne sirrin al'amarin yake.

Da farko akan niƙa ƙwaron a jiƙa shi cikin barasa ya tsimu. Wannan shi ne tsimin asali. Sai a ɗauki ɗigo 1 a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa a jijjiga, an samu 1C ke nan.

Daga cikin wannan sai a sake ɗaukar ɗigo 1 a zuba cikin sabon ɗigo 99, ya zama 2C, wato kashi 1 cikin 10,000. Idan aka kai 3C ya zama kashi 1 cikin miliyan.

A matakin 6C, lissafin ya yi daidai da a ɗiga ɗigo guda na tsimin a cikin ruwa lita miliyan 50, wato abin da zai cika tankokin dakon mai masu cin lita 33,000 sama da 1,500.

A matakin 13C, ruwan dukkan tekunan duniya bai isa a tsarma wannan ɗigo guda ba. Shi kuwa 30C, wanda shi ne aka fi sayarwa, kashi ɗaya ne cikin lambar da ke da sifili 60 a bayanta.

Masana ilimin sinadarai sun daɗe da sanin cewa kowane abu yana da iyakar ƙanƙantar da za a iya rarraba shi. Daga matakin 12C zuwa sama, zai yi wuya a samu ko da ƙwayar zarra ɗaya ta abin da aka faro da shi.

Ma'ana, kwalbar da aka rubuta wa Blatta 30C da wadda aka rubuta wa Apis 30C, idan aka cire takardun jikinsu, babu ɗakin gwajin da zai iya bambance su. Dukkansu sukari ne da aka ɗiga wa ruwa da barasa.

Masu homiyofati ba su musanta wannan lissafi ba. Amsarsu ita ce ruwa na riƙe tasirin abin da ya taɓa shiga cikinsa, kuma jijjigawar ce ke tayar da wannan tasiri.

A 1988 wani masani Bafaranshe, Jacques Benveniste, ya wallafa sakamakon gwajin da ya ce ya tabbatar da hakan a mujallar kimiyya ta Nature. Amma da wata tawaga ta je ɗakin gwajinsa aka maimaita aikin ba tare da masu gwajin sun san wace kwalba ce wace ba, sai sakamakon ya ɓace.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa wani nazari da ya kwatanta gwaje-gwaje 110 na homiyofati da 110 na magungunan asibiti. Sakamakon ya nuna cewa a manyan gwaje-gwaje masu inganci, tasirin homiyofati bai wuce na ƙwayar da babu magani a cikinta ba.

Kwamitin kimiyya da fasaha na majalisar dokokin Birtaniya ya cim ma irin wannan matsaya a 2010. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta ce babu wata cuta ko guda da aka samu ingantacciyar hujjar cewa homiyofati na maganinta.

A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta su daina rubuta shi, yayin da Faransa, inda tsarin ke da ɗimbin magoya baya, ta daina biyan kuɗinsa daga asusun inshorar lafiya a watan Janairun 2021.

To amma me ya sa miliyoyin mutane ke rantsuwa cewa ya yi musu aiki?

Likitoci na bayar da dalilai da dama. Cututtuka irin su mura da harbin ƙwaro da ƙananan ƙuraje kan warke da kansu. Wasu kuma kamar asma da ciwon gaɓɓai suna tashi ne su lafa, kuma mutum yakan nemi magani ne a lokacin da ciwon ya kai ƙololuwa, daidai lokacin da ya kusa sassautawa.

Sannan akwai tasirin kulawa. Mai homiyofati kan shafe kusan sa'a guda yana tambayar maras lafiya game da barcinsa da abincinsa da damuwarsa. Wanda ya saba bin dogon layi a asibitin gwamnati domin ganin likita na minti biyar, dole ya ji daɗin wannan sauraro.

A watan Maris na 2024 ministan lafiya na Najeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 55,000 ne ke da lasisin aiki a ƙasar mai mutane sama da miliyan 200, bayan da dubbai suka fice zuwa ƙasashen waje. Wannan giɓi ne masu sauran hanyoyin magani ke cikewa.

Ina haɗarin yake?

Za a iya cewa tunda sukari ne kawai, ai babu laifi. Haɗarin farko shi ne jinkiri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa asma ta kashe mutane 455,000 a 2019, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Yaron da numfashinsa ya sarƙe cikin dare yana buƙatar maganin da zai buɗe masa hanyar iska cikin mintoci. Idan aka ajiye abin shaƙarsa aka koma ga ƙwayar kyankyaso, ana wasa da ransa ne.

Wani abin lura shi ne bincike ya tabbatar da cewa kashin kyankyaso da ɓurɓushin jikinsa na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma ga yaran da ke zaune a gidaje masu cunkoso. Kawar da shi daga ɗaki shi ne abin da likitoci ke ba da shawara a kai.

Haka batun yake ga zazzaɓin cizon sauro. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna Najeriya ce ke da kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da cutar a duniya, da kashi 31 cikin 100 na masu mutuwa. Tun a 2009 hukumar ta yi gargaɗi kan amfani da homiyofati wajen maganin zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da cutar ƙanjamau da gudawar jarirai.

An ga sakamakon irin wannan jinkiri a wasu ƙasashe. A 2009 wata kotu a Ostireliya ta ɗaure wani mai homiyofati da matarsa saboda mutuwar jaririyarsu mai wata tara, wadda cutar fata ta ci ƙarfinta suka ƙi barin likitoci su duba ta yadda ya kamata. A 2017 wani yaro ɗan shekara bakwai ya rasu a Italiya bayan ciwon kunne da aka yi ta yi wa magani da homiyofati ya kai ga ƙwaƙwalwarsa.

Haɗari na biyu shi ne ba duka kwalaben ne aka tsarma sosai ba. Waɗanda aka yi wa alamar Q tsimin asali ne, masu ƙananan lambobi da harafin X ko D kuma suna ɗauke da abin da aka haɗa su da shi.

Sinadarin da ke jikin ƙwaron Cantharis guba ne mai ƙarfi da ke ƙona hanji da mafitsara, ya lalata ƙoda, kuma ɗan kaɗan na iya kisa. An daɗe ana sayar da shi a Turai a matsayin maganin ƙarfin maza, kasuwar da ke ci sosai a arewacin Najeriya.

Na uku shi ne sakaci wajen haɗawa. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gano cewa wasu ƙwayoyin homiyofati da ake bai wa jarirai masu haƙori na ɗauke da gubar wani tsiro fiye da yadda aka rubuta a jikinsu.

Dafin da ya zama magani

Duk wannan bai nuna cewa ƙananan halittu ba su da amfani a fagen lafiya ba. Likitancin zamani kansa na cin moriyarsu.

A 2004 hukumomin Amurka suka amince da amfani da matsattsaku wajen zuƙe jinin da ya taru bayan tiyatar dashen fata ko mayar da yatsan da ya yanke. A wannan shekarar suka amince da tsutsotsin ƙuda da aka raina cikin tsabta domin cinye ruɓaɓɓen nama a gyambon da ya ƙi warkewa.

Shi kansa sinadarin ƙwaron Cantharis, a 2023 an amince likita ya shafa shi a kan wasu ƙurajen fata na yara, da ma'auni, ba tare da an sha ba. Maganin hawan jini na captopril kuwa an gano shi ne daga nazarin dafin wani macijin ƙasar Brazil.

Misali mafi kusa shi ne asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe. Maganin EchiTAb da ya ceci rayuka masu yawa a can, da dafin macizan Najeriya irin su kububuwa ake samar da shi, ta hanyar yi wa tumaki ko dawaki allurar dafin kaɗan-kaɗan sannan a tace makarin daga jininsu.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne akwai sinadarin da za a iya aunawa, an san yadda yake aiki a jiki, an gwada shi a kan marasa lafiya an ƙirga waɗanda suka warke, kuma idan aka ƙara yawansa tasirinsa ƙaruwa yake yi.

Ta wannan hanya aka bi aka fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro daga tazargade, aikin da ya sa masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou ta samu lambar yabo ta Nobel a 2015. Sassaƙe da saiwar da mai maganin gargajiya ke bayarwa ma, ko sun yi aiki ko ba su yi ba, akwai abin da za a kai ɗakin gwaji a bincika a cikinsu.

Mahangar addini

Ga Musulmi akwai ƙarin tambaya ta halasci. Mazhabobin Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tafi a kan haramcin cin ƙwarin ƙasa in ban da fara.

Mazhabar Malikiyya da aka fi bi a Afirka ta Yamma ta sassauta, inda ta halatta su matuƙar an kashe su da niyyar yanka kamar yadda ake yi wa fara, kuma ba za su cutar ba. Bahaushe dai ya saba da cin fara da shinge.

Sai dai akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito da ke hana kashe tururuwa da ƙudan zuma, da wani da ke nuna an hana wani mai magani kashe kwaɗo domin haɗa magani. Waraka da Alƙur'ani ya ambata a Suratun Nahli ta shafi zumar da ƙudan ke fitarwa ne.

Game da barasar da ake tsarma maganin da ita, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka ta halatta magungunan da ke ɗauke da ɗan abin da ya narke ya ɓace a cikinsu idan babu madadi, kuma amintaccen likita ne ya rubuta. Magungunan homiyofati na ruwa kuwa sau da yawa barasar ce mafi rinjaye a cikin kwalbar.

Bayan wannan akwai batun ciniki. Shari'a ta hana sayar da abin da mai saye bai san haƙiƙaninsa ba, ta kuma ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba tare da sani ba. Mai sayar da kwalbar da ya san sukari ce ga uwar yaro mai asma yana da tambayar da zai amsa.

Wa ke sa ido?

A dokance, wata dokar soja ta 1992 ta ɗora wa majalisar kula da likitoci ta Najeriya, MDCN, alhakin sa ido kan masu homiyofati da makamantansu. Rajistar kayan da ake sayarwa kuma aikin hukumar NAFDAC ne, wadda aka kafa a 1993.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne lambar NAFDAC iri biyu ce. Wadda ta ƙare da harafin L, da akan bai wa magungunan gargajiya da dangoginsu, tana nufin an duba an ga abin ba ya cutarwa ne kawai. Ba shaida ba ce ta cewa yana warkarwa, kuma akan rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba.

Dokar abinci da magunguna ta 1974 ta haramta tallata wa jama'a wani abu a matsayin maganin wasu cututtuka da ta lissafa, ciki har da asma da ciwon daji da ciwon suga da farfaɗiya. Duk wanda ya ratsa kasuwa a Kaduna ko Kano ya ji abin da lasifikoki ke faɗa, ya san yadda ake bin wannan doka.

Gwamnati ta ɗauki wasu matakai. An kafa sashen magungunan gargajiya a ma'aikatar lafiya ta tarayya a 2018. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga tsarin, kuma jihar Kaduna na da hukumarta ta KADCHMA. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin janye haraji daga kayan haɗa magunguna.

A 2024 aka tilasta wa dillalan magani na kasuwar Sabon Gari da ke Kano komawa sabuwar cibiyar Dangwauro, sannan a farkon 2025 NAFDAC ta rufe manyan kasuwannin magani na Onitsha da Aba da Idumota na wani lokaci domin zaƙulo jabu. Amma cinikin da ake yi ta Facebook da WhatsApp da TikTok ba shi da rumfar da za a garƙame.

Matakin da ke hannun mai saye a Rigasa da sauran wurare shi ne ya karanta abin da ke jikin kwalba, ya tambayi ma'anar sunan da lambar, kuma kada ya dakatar da maganin asma ko na suga ko na hawan jini da likita ya ɗora shi a kai saboda wani sabon abu da aka tallata masa.

Sauran aikin na hukumomi ne. Muddin abin shaƙar asma ya fi ƙarfin albashin lebura, kuma ganin likita na cin yini guda, masu ƙananan kwalabe za su ci gaba da samun kasuwa, ko da kuwa an san abin da ke cikinsu.